Gwiwata Ta Warke, Jama'a Kuwa Na Jiran Ta Faɗi Ranar Shuka

Malama Keziah, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ni kuwa ina cikin halin da ban taɓa jin wani Kirista ya shiga ba. Ina karanta filinki a jarida. Mutane suna rubuto miki suna kukan sun yi addu'a ba a amsa ba. Ni tawa matsalar ita ce an amsa, kuma ba ni na roƙa ba.

Ni tsohon soja ne, kofur, shekarata sittin da uku. Ina zaune a wani ƙauye a gindin duwatsu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba daga Zuru. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ko da yake duk wanda ya taɓa shuka dawa a yankinmu zai gane ni tun kafin ya kai tsakiyar takardar nan. Shekara ashirin ke nan da na ji ciwo a gwiwar hagu a bakin aiki. In an tambaye ni haka nake cewa, a bakin aiki, sai in yi shiru in dubi nesa, mutane su girgiza kai don tausayi. Ba ƙarya na yi ba, amma ke zan gaya miki sauran. Ni kuku ne a bataliyarmu. Miyar kuɓewa ce ta zube a ƙasa, na taka ta ina ɗauke da tukunya, ni da tukunyar muka tafi tare. Tun ranar nake ɗingishi, har na yi ritaya na dawo gida da sandata.

A shekarar da na dawo ne abin ya fara. Wata rana da hantsi, sama tas babu ko ɗigon gajimare, na ce wa matata Dinah ta kwashe shanyar barkononta domin gwiwata tana zugi. Ta yi mini dariya, ta ce in nemi aikin yi. Kafin la'asar ruwa ya wanke barkonon nan har kwata. Dinah ba ta iya riƙe labari ba, ta kai shi rijiya, daga rijiya ya shiga gari. A hankali ni ma na koyi karanta gwiwar. In ta yi zugi can ciki, a hankali, kamar ana tuƙa tuwo a cikin ƙashin, to ruwan zama ne, a fito da iri. In kuwa tsikari kawai ta yi sama-sama, ruwan yaudara ne, zai jiƙa ƙasa ya gudu ya bar mai shuka da hamma. Kin san a wurinmu duk wahalar manomi tana kan wannan tambaya ɗaya, ko a shuka a ruwan farko ko a jira. Ban ce gwiwar ba ta taɓa kuskure ba, amma cikin shekara goma sha ɗaya kuskurenta bai cika yatsun hannu ɗaya ba.

Malama, sai na zama mutum. Da bazara ta yi nisa, kowace safiya maza suna taruwa a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidana, ba sa ma gaishe ni sosai, ƙafar suke kallo. Ana bugo mini waya daga Bena, daga Danko, har daga Sakaba, mutanen da ban taɓa gani ba suna tambayar lafiyar gwiwata, kuma in na ce da sauƙi sai in ji ransu ya ɓaci. Obiora, mai shagon iri da taki a Zuru, ba ya ɗauko kaya sai ya ji daga gare ni. Masarar farko gidana ake kawo wa, ƙwan zabi kuwa har muna kyauta da shi. A coci an ba ni kujera mai majingini a gaba, dab da taga, an yafe mini durƙuso, an kuma yafe mini aikin gonar ikilisiya, ni da na yi golmo shekara bakwai ina noma wa mahaifin Dinah kafin a ba ni ita.

Har zama dattawan ikilisiya suka taɓa yi a kaina, don wani ya ce tambayar gwiwa ba ta da bambanci da zuwa wurin mai duba. Sun yi wuni guda suna muhawara. A ƙarshe suka yanke cewa ba duba ba ne, tunda ba na karɓar ko sisi, kuma Allah ne ya halicci gwiwa ya halicci ruwa, ba mamaki in ya haɗa su magana. Ba wanda ya ɗauko zancen ƙwan zabi, domin uku daga cikin dattawan suna cikin masu kawowa.

Ga wani abu da zai ba ki kunya a madadinmu. Duk lokacin da aka yi babban taron addu'a a Zuru, muka je a motar haya, in mai wa'azi ya kira masu ciwon ƙafa su fito a ɗora musu hannu, sai mutanen ƙauyenmu su kewaye ni. Maƙwabcina Abel, wanda muka tashi tare tun muna kokawa a dandali, ya taɓa zama a kan bakin rigata har aka gama kiran. Ni ma ban yi gardama ba. In an ce duk mai ciwo ya ce amin, nakan ce tawa a hankali, yadda ba za ta yi nisa ba. Ciwon kuwa na gaske ne, Malama, akwai ranakun da nake cizon leɓe kafin in tashi daga tabarma. Amma na saba da shi, kuma yana ciyar da ni girma.

To bara, a watan Maris, Dinah ta kwanta zazzaɓi. Matan zumuntar cocinmu su shida suka zo duba ta, kowace da zanen zumunta da ɗankwalinta. A cikinsu akwai Theresa, wata tsohuwa gwauruwa, 'yar ƙarama, muryarta ba ta wuce bakinta. Ba a cika ba ta addu'a ba, domin tana daɗewa, kuma tana manta sunan wanda ake yi wa. Ranar dai aka ce ta rufe musu da addu'a. Ina zaune a kujerar tsuguno a bakin ƙofa ina jira su tafi in ci abinci. Da za ta durƙusa, ta rasa abin dafawa, sai ta dafa gwiwata. Ba ta ɗauke hannun ba. Ta yi wa Dinah addu'a da sunan wata, ta yi wa awakinmu, ta yi wa sojojin da ke daji, can wajen ƙarshe sai ta ce Ubangiji ya dubi wannan ƙafa ma, domin bawan nan nasa ya daɗe yana shan wuya. Ta rufe da sunan Yesu. Na ce amin ne kawai don kowa ya ce.

Ban ji zafi ba, ban ji sanyi ba, ban ga haske ba. Tuwo nake tunani. Amma washegari da safe na tashi, na fita, na kusa kaiwa bayi, sannan na lura cewa ban yi nishin da na saba yi shekara goma sha tara ba, sandata kuma tana can jingine a ɗaki. Na tsaya a tsakar gida. Na lanƙwasa ƙafar. Na tsuguna, na miƙe, na sake tsugunawa. Babu komai. Daɗi ya kama ni har na buɗe baki zan ƙwala wa Dinah kira, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Obiora ne, yana tambayar me gwiwa ta ce game da bana. Na ce masa tana nan tana tunani. Na koma ɗaki a guje na ɗauko sandar, na fito ina ɗingishi.

Na ce wa kaina kwana biyu ne, ciwon zai dawo. Bai dawo ba. A ƙarshen Afrilu aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe maza suka cika gindin mangwaro, wasu har da sungumi a kafaɗa. Na shafa gwiwa, na yamutsa fuska, na rufe ido ina sauraro, gwiwa ta yi mini shiru kamar ba tawa ba. Na saci kallon sama, na saci kallon tururuwa, ban gane komai ba, domin shekara goma sha ɗaya ban koyi duban sama ba. Ana jira. Sai na ji bakina ya ce ruwan zama ne, a shuka.

Kwana goma sha bakwai ba a ƙara ɗigo ba. Gida bakwai suka yi asarar iri. Abel ya zuba duk irin masarar da ɗansa ya aiko masa daga birni, ya tsiro, ya yi kore, ya ƙone a gaban idonsa. Da masu asarar suka zo, ba faɗa suka zo yi ba, jaje suka zo yi wa gwiwar. Na ce ina jin maganin ciwon jiki da Dinah ta ba ni ne ya rikita ta. Abel ya yarda, har ya je ya roƙi Dinah ta daina ba ni magani in bazara ta yi. Bayan mako biyu ya kawo mini ƙwai shida don kada in sa abin a raina. Ban taɓa cin ƙwai mai ɗaci irin wannan ba, ko da yake na cinye.

Daga nan na shiga neman ciwona. Na je rafi da sassafe na tsoma ƙafar a ruwan sanyi har ta mutu, na fito garau. Na yi durƙuso a kan tsakuwa a bayan rumbu. Na ɗauki rabin buhun dawa na yi ta zagaya gida in Dinah ta tafi kasuwa, ƙafar sai ƙara ƙarfi take yi. Da dabara ta ƙare na koma ga addu'a, kuma a nan ne nake jin tsoro. Na ɗauki azumin kwana uku, na kai ɗaya da rabi. Na gaya wa Ubangiji cewa na gode, ba raini ba ne, amma ba duka nake so a mayar mini ba, na wata biyu kawai, Afrilu da Mayu, sauran wata goma in zauna da warkarwata. Na ce in ta hagu ta riga ta fita daga lissafinsa, ga ta dama nan ba ta aikin komai. Har yau ban ji amsa ba. Abin da na samu kawai shi ne ciwon ƙugu, saboda ɗingishin ƙarya ya fi na gaske wuya, kuma wannan ciwon ba ya faɗin komai, na gwada shi.

Amma kada ki ɗauka ban ji daɗin abin ba. Akwai dutse a bayan ƙauyenmu da muke hawa muna samari. Wata rana na ce zan je duba tarko, na ɓoye sandar a cikin ciyawa, na hau. Na kai har ƙoli ban tsaya ba. Na ga gonakinmu duka, na ga rufin coci, na ga hanyar Zuru. Malama, na yi kuka a wurin, kukan gaske, ni tsohon soja. Na yi waƙar yabo da muryata mara daɗi, na yi rawa, babu mai kallo sai awakin wani. Yanzu kusan kowane mako nake zuwa duba wannan tarko da ban taɓa ɗanawa ba. In na sauko sai in ɗauki sandata in shigo gari ina nishi.

Dinah ba ta sani ba. Ko da yake kwanan nan ta koma ajiye gishiri da ashana a can saman katanga inda sai na yi ɗage, kuma takan aike ni gidan 'yar'uwarta sau biyu a wuni kan abin da bai kai a aika ba. Ranar nan akuya ta shiga lambunta, Dinah ta tsaya tana kallona maimakon ta kore ta, ni ma na tsaya ina kallonta, akuya ta cinye alayyafo. Ina ganin tsufa ne ya fara taɓa ta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Theresa. A watan jiya aka ce ta yi wa wata mai jego addu'a, ta ƙi. Ta ce a ba wata, ita ta gane addu'arta ba ta wuce rufin ɗaki. Ta ce sau ɗaya a rayuwarta ta ji a zuciyarta ƙarara cewa an ji ta, ranar da ta dafa gwiwar Kofur, amma ga mutumin nan kullum yana wuce ta da sanda, ɗingishin ma ya ƙaru. Tun daga nan ta koma zama a layin baya, ba ta buɗe baki. Dinah ce ta ba ni labarin tana tsintar wake, ba ta ko dubi waken ba, ni take duba.

Yanzu ga inda nake. A cocinmu, kafin shuka, akwai Lahadin da kowa yake kawo irinsa a ƙwarya da fartanyarsa a jera a gaba a yi musu addu'a. In an gama, Fasto yakan juyo da murmushi ya tambaye ni a gaban jama'a me gwiwa ta ce. Da wasa aka fara, yanzu ya zama kamar wani sashe na sujada. Saura mako biyu. Mutane sun ce kuskuren bara na magani ne, bana sun dogara gare ni fiye da kullum, Abel ma ya sake samo iri.

Shawara uku nake juyawa. Ko in riƙa sauraron rediyo a ɓoye in faɗi abin da suka faɗa da sunan gwiwa. Ko in tafi wurin 'yata a Kaduna in ce jinya, sai an gama shuka in dawo. Ko in daure bana kaɗai, in ba da shaida bayan girbi lokacin da cikin kowa ya cika. Ki gaya mini, akwai hanyar da mai bi zai mayar da warkarwa cikin ladabi ba tare da ya yi saɓo ba? Kuma shiru ƙarya ne? Domin ban taɓa cewa da bakina tana ciwo ba tun bara, nishi kawai nake yi. In kuma na faɗi gaskiya, wane ne ni a garin nan? Tsoho ne kawai da ya iya miya. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ina son kujerata ta bakin taga. Ki taimake ni.

Naki cikin damuwa,
Kofur Mai Sanda, daga gindin duwatsun Zuru

AMSA

Kofur, barka da warkewa. Na fara da wannan domin shekara guda ke nan ba wanda ya ce maka, kuma laifinka ne. Na yi dariya da na karanta takardarka har abokiyar aikina ta leƙo, amma da na kai kan dutsen nan dariyar ta tsaya, na gode wa Allah tare da kai.

Amsar tambayarka ta farko gajera ce. A'a, babu inda ake mayar da warkarwa, kuma babu tsarin wata biyu ciwo wata goma lafiya. Ka bar gwiwar dama ta huta, ba ta yi maka komai ba. Ka kuma daina durƙuso a kan tsakuwa, kada ka samo wani ciwon da ba Theresa a kusa. Ta biyun ma gajera ce. Nishin da aka yi don a yarda da abin da ba haka yake ba, ƙarya ne, ko da baki bai furta kalma ba. Kai ma ka sani, shi ya sa ƙwan ya yi ɗaci.

Ban raina abin da kake tsoron rasawa ba. Ba ƙwan zabi ba ne, ba kujera ba ce. Ka yi shekaru kana ciyar da bataliya, kuma na san ba a cika tuna kuku ba sai gishiri ya yi yawa. Ka dawo gida da sanda, sai ga maza suna sammako zuwa ƙofarka. Kowane mutum yana son a buƙace shi, wannan ba zunubi ba ne. Kuma ba kai kaɗai ke da laifi ba. Jama'ar da za su kewaye mai ciwo don kada a yi masa addu'a, har wani ya zauna a kan rigarsa, su ma suna da abin da za su tuba a kai. Tsofaffi da yawa gaɓoɓinsu suna motsi in ruwa ya kusa, ba annabci ba ne, taka dai ta fi ta saura iya magana. Amma garinku ya so gwiwar har ya manta tana jikin mutum. Cikin shekara goma sha ɗaya, tsohuwa ɗaya ce ta dafa ta ta tuna cewa ciwo take yi. Ina ganin a nan ne darasinka yake. Kai ka ɗauka darajarka a wurin Allah da mutane tana cikin amfanin da ake samu da kai. Shi kuwa da ya dube ka, bawansa ya gani yana cizon leɓe, ya tausaya, bai tambayi ra'ayin masu shuka ba.

Duk da haka, iri abinci ne. Gida bakwai sun riga sun ɗanɗana bara, kuma bana za su zuba da ƙarfin zuciya fiye da da, domin ka ba su dalilin ƙarya. Saboda haka shawarwarinka uku duk na soke su. In ka ari bakin rediyo ka ce gwiwa ce, ranar da rediyo ya kuskure mutane ba za su yi hattara ba, tunda sun ɗauka daga wurin da ba ya kuskure maganar ta fito. In ka gudu Kaduna, waya za ta bi ka. In ka jira girbi, wataƙila babu girbin da za a jira, kuma Theresa za ta ƙara wata shida a layin baya tana zaton Allah bai san muryarta ba. Wannan ya fi asarar masara nauyi, kuma kai kaɗai ne za ka iya ɗauke mata shi.

Kada ka jira Lahadi. Ka fara da Dinah yau. Ba tsufa ne ya taɓa ta ba, Kofur, ta sani, wataƙila tun makon farko. Macen da ta sadaukar da alayyafonta don ta ga ko za ka yi gudu, ta gaji da jira ne. Ka gaya mata, ka bari ta faɗi duk abin da ta tara, kada ka katse ta. Gobe ku tafi tare gidan Theresa, da ƙafa, ba sanda. Ba sai ka shirya dogon jawabi ba. Ka tsuguna a gabanta ka miƙe, ka gaya mata ranar da abin ya faru, ka roƙi gafararta.

Abel ne mai wuya. Ka je kai kaɗai, ka faɗa masa cewa bara ba magani ba ne, kai ne ka yi cinta, kuma ka san ba ka sani ba. Zai yi fushi, yana da gaskiya, kada ka tuna masa zancen riga a ranar. Abin da za ka miƙa masa, shi da sauran gida shida, shi ne ƙafar nan da aka ba ka. Mutumin da ya yi golmo shekara bakwai don mace ɗaya ba zai mutu ba in ya yi kwana bibbiyu a gonaki bakwai. Gonar ikilisiya ma tana jiranka. Daga nan ka ga Fasto, domin kada ya sha mamaki a gaban jama'a, ka kuma buga wa Obiora da kanka kafin ya ji a kasuwa.

Ka shiga asibiti a Zuru a duba maka gwiwar da ƙugun. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, godiya ba ta tsoron likita. Ni daga teburina ba zan iya gaya maka yadda Allah ya yi aikinsa a cikin ƙashinka ba, kuma ba sai na sani ba. In ma wata rana ciwon ya leƙo, ba zai goge shekarar nan da ka hau dutse ba, kuma ba zai mai da addu'ar Theresa banza ba.

Game da shuka kuwa, kakanninku sun yi noma a duwatsun nan tun kafin a zubar da miyar kuɓewa. Akwai tsofaffi a garinku da suka san iska da ganye da zuwan tsuntsaye, sun yi shiru ne don gwiwarka ta rufe musu baki. Ku tambaye su. Ku saurari hasashen yanayi a rediyo a fili, kowa ya san daga inda ya fito da iyakarsa, ku nemi malamin gona, ku tona ƙasa bayan ruwa ku ga inda laima ta kai, kada kuma kowa ya zuba irinsa duka a ruwan farko. Ana iya yin duk wannan a gindin mangwaronka. Za ka gane waɗanda ke zuwa don ƙafa da waɗanda ke zuwa don kai. Za su ragu, ban ɓoye maka ba, amma ba za su ƙare ba.

Ranar Lahadi, in Fasto ya juyo, ka tashi ka taka zuwa gaba kamar yadda Allah ya bar ka. Ka faɗi abin da aka yi maka, da hannun wa, da abin da kai ka yi da shi, har da kwana goma sha bakwai ɗin. Ka ce ba ka san ranar ruwa ba, kuma ba za ka ƙara sani ba. Wasu za su yi guɗa, wasu za su yi tsaki, wasu za su yi duka biyun. Kujerar bakin taga kuwa ka bar wa wanda ƙafarsa ke ciwo da gaske.

Saura abu ɗaya, kuma shi na fi so ka yi. Shekara goma sha tara ruwa bai taɓa zuwa maka ba sai ciwo ya riga shi isowa, bara kuma tsoro ne ya riga shi. Bana, ranar da ya sauko, ko kana gona ko kana gida, kada ka fake. Ka fito fili ka tsaya da ƙafafunka biyu, ka bari ya same ka ba shiri kamar yadda yake samun kowa, ka ce na gode da ƙarfi yadda za ta yi nisa.

Allah ya ba ku damina mai albarka, ya sanyaya zuciyar Abel, ya buɗe bakin Theresa, kai kuma ya bar maka lafiyarka duk wata goma sha biyu.

Taku,
Malama Keziah